Baƙon Dandagum da Sharar Gari

A shekarar 2000 wani ɗan ƙasar Japan mai suna Shuichi Oyama ya sauka a Dandagum, ƙauyen Hausawa da ke kusa da Dogon Dutsi a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar. Masanin labarin ƙasa ne, ya riga ya yi shekaru yana nazarin noman ƙabilar Bemba a Zambiya. Maganar kwararowar hamada ce ta kawo shi. Mutanen gari suka ba shi masauki, ya zauna cikinsu, ya koyi Hausa, yana bin manoma gona, kuma ya yi ta dawowa shekara bayan shekara.

Yana cikin wannan zama ne ya lura da wani abu da ya ɗaure masa kai. Manomi zai kwashi sharar gidansa, da ƙaiƙayi da toka da kashin awaki da guntayen kara, har da leda da tsohon takalmi, ya kai gona ya zube a kan faƙo, wato ƙasar da ta ƙeƙashe ta yi tauri har ruwan sama ba ya ratsa ta. A Japan shara abu ne da ake rarrabawa kashi-kashi a ƙone. Nan kuwa damina na sauka sai ga ciyawa da gero sun tsiro a inda aka zuba ta.

Duk wanda ya tashi a nan wajenmu, Dutsin-Ma ko Kurfi a jihar Katsina, ba zai ga abin mamaki a nan ba. Da rani ya yi, jakuna da amalanke ne ke ta jigilar taki daga juji zuwa gona. Amma mu yi kawai muke, shi kuwa sai ya tsaya tambaya. Ya yanka filayen gwaji, ya zuba shara a kan awo daban-daban, wani wuri kaɗan, wani da yawa, wani babu sam, yana auna ƙasar da abin da ya fito. Ya gano cewa sai an zuba aƙalla kilo 20 a kowane murabba'in mita kafin faƙo ya farfaɗo sosai.

Yadda abin ke faruwa shi ne ya fi burge ni. Tarin sharar yana tare rairayi da ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa, sai sabuwar ƙasa ta kwanta. Gara ta zo cin kara da itacen da ke ciki, ta haƙa ramuka ta huda faƙon, ruwan sama ya samu hanyar shiga maimakon ya kwarare ya tafi. Toka da kashin dabbobi su rage tsamin ƙasa, su ƙara mata ƙarfi. Iri kuwa ba a ma shuka shi, yana cikin sharar tun daga gida. Garar da muke tsine wa don ta ci mana rumbu da azara, ita ce babbar ma'aikaciya a wannan aiki.

Da Oyama ya koma Jami'ar Kyoto, inda ya zama farfesa, sai aikin ya faɗaɗa. Aka riƙa killace fili mai mita 50 tsawo da faɗi da waya, ana ɗauko sharar birni a mota a shimfiɗa. Idan ciyawa ta fito, Fulani da Buzaye su shigar da dabbobinsu su ci, a kuma roƙe su su bar su su kwana a ciki. Kashin da suka bari yana ɗauke da ƙwayar itatuwan da suka ci a daji, daga nan bishiyoyi ke tashi. Ya yi hakan ne da gangan, saboda ya lura da yadda ake rikici tsakanin manomi da makiyayi gab da kaka, lokacin da amfani ke tsaye a gona, makiyaya ta ƙare, dabba ba ta da wurin tsayawa. A 2015 ya wallafa littafi da harshen Japan a kan wannan aiki, daga baya kuma hukumar JICA ta gwamnatin Japan ta tallafa aka yi shi da sharar Yamai.

Mu a nan mun san ɗacin wannan rikici fiye da yadda za a faɗa mana. Iyayenmu sun ga zamanin da manomi ke kiran Bafulatani ya kwantar masa da shanu a gona bayan girbi, ya ba shi hatsi. Abin da Oyama ya farfaɗo da shi ke nan a kan ƙasar da kowa ya yafe.

Ba kowace shara ce za a kai gona ba, tsofaffin batura da sharar asibiti guba ne, dole a tsince su. Amma bolar da ke toshe mana magudanan ruwa a Dutsin-Ma mafi yawanta yashi ne da toka da ɓawo da kashin dabbobi. Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011 tana da tsangayar aikin gona, kuma faƙo bai yi mata nisa ba. Ina fata ɗalibanta su je ƙauyukan Kurfi su kwana biyu a gidajen manoma, su bi amalanken taki har gona, su auna yadda baƙon Dandagum ya auna.