Mai Taɓin Hankali da Takardar Shaidar Nakasa

Ya kai maigida, in kana da ɗa ko ƙane wanda hankalinsa ya taɓu, karanta wannan, ko ka sa a karanta maka.

Mutanenmu da yawa suna tsammani nakasasshe shi ne makaho da gurgu da kurma kaɗai. Ba haka ba ne. Dokar nakasassu wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019 ta haɗa har da wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya daɗe a jikinsa, ya hana shi harkokinsa. Ta ce irin wannan mutum a duba shi, a ba shi magani kyauta a asibitocin gwamnati. Ba albashi ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Kuma gaskiya ba ko'ina aka fara aiki da ita sosai ba tukuna. Amma wanda ke riƙe da takarda ya fi bakin magana.

To, yaya ake samun takardar? Ta hannun likita. In ya ga alamar nakasa, da yardar Hukumar Nakasassu ta Ƙasa, yana iya ba da ta wucin gadi, wadda ba ta wuce kwana 180. In ciwon ya zarce haka, sai ya shaida wa hukumar, ita kuwa ta ba da ta dindindin.

Ga inda muke yin hasara. Sau da yawa akan kawo mini mutum ɗakin magani da tabon mari a ƙafa, an ɗaure shi shekara da shekaru a bayan gida, ana ta hayaƙi. In tambaya, "Ina katinsa?" Sai a yi shiru. Likita ba ya shaidar abin da bai gani ba. Saboda haka ka kai shi da wuri. Akwai asibitin wannan ciwo a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Katin da aka ba ka, ka adana shi kamar takardar gona, ka koma ran da aka ce, ko da ka ga ya sami sauƙi. Wanda yake kwana gida ɗaya da shi, shi ne zai raka shi, gama shi ya san yaushe ya daina barci, yaushe ya bar zuwa gona.

Mai shan tiramol ko kodin ko wiwi fa? Abin da ake dubawa shi ne lahanin da ya zauna a ƙwaƙwalwa, ba shan kansa ba. Wani in ya daina sai ya warke sarai, ya koma sana'arsa, wannan kuwa ya fi kowace takarda. Wani kuma ciwon ya riga ya kama shi. Likita ne zai rarrabe, don haka kada kunya ta sa ka ɓoye masa abin da yaron yake sha.

In wani ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar ba tare da ganin likita ba, rabu da shi. Laifi ne, akwai tara ko ɗauri a kansa.