Mece ce Rifita ta Oba-oba?

Rifita na'ura ce da ake kafawa bisa tsauni ko doguwar hasumiya domin ta karɓi raunanniyar muryar oba-oba a zango ɗaya, ta ƙarfafa ta, kana ta watsa ta nan take a wani zangon. Idan eriya guda ce ke ji tana kuma magana, wajibi ne a sa matacin da ke raba zangunan biyu, in ba haka ba ta kurumtar da kanta. Galibin matsalolinta kuwa ƙanana ne: ruwa ya shiga mahaɗin waya ya yi tsatsa, ko batir ya yi sanyi, ko ɓoyayyen sautin da ke buɗe ta bai dace ba, alhali 'yan kwana-kwana da ma'aikatan agaji da ita suke dogara idan layin salula ya yanke.