Ƴan Kwaleji da Karatun Muhalli a Gulbin Maraɗi

 

Ya ku iyaye masu karatun wannan mujalla, idan kaka ta yi aka koma lakwal a watan Oktoba, wasu daga cikin malaman darasin S.V.T., wato ilimin rayayyun halittu da ƙasa, sukan nemi izininku domin su fita da ƴan ajin farko da na biyu na kwaleji bayan gari, su duba itatuwa da ruwa da ƙwari da idanunsu. Mun sani da yawa daga cikin magidanta ba sa son wannan fita. Wani ya ce yawo ne da sunan karatu, wani ya ce ɗiyarsa tana da aiki a gida, wani kuma ya ce me yaro zai koya a jejin da kakansa ya tsufa a ciki. To ga abin da yaran ke gani a can, da dalilin da ya sa muke ganin hana su asara ce ga gidan kansa.

A ƙarƙashin gawo

Kayan aikin wannan darasi ba su da tsada: igiya, turaku huɗu, littafin rubutu da kwalba. Yara sukan kafa turakun a gona bayan an yanke hatsi, su zagaye fili mai taku goma kowane gefe, ɗaya a ƙarƙashin gawo, ɗaya kuma a sarari nesa da kowane icce. Sa'annan su ƙidaya gindin kara, su gwada kaurinsa, su tona ƙasa su dubi launinta. Sau da yawa abin da suke samu shi ne, ƙasar gindin gawo ta fi duhu da laushi, karanta kuma ya fi kauri.

Daga nan malami zai tambaye su dalili. Gawo icce ne da ya saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana a lokacin da yake bukatarta, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki. A jikin saiwarsa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Da rani bisashe sukan taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar kashinsu a wurin. Yaron da ya bi wannan lissafi da kansa ya gane cewa icce da akuya da hatsi da tukunyar uwarsa a ɗaure suke da igiya ɗaya, kuma da wuya ya yarda a ɗora wa gawo gatari bayan haka. Tsofaffin Damagaram ma suna ba da labarin cewa sarakunan da sun hana saran gawo, suka sa hukunci mai tsanani a kansa.

A bakin ruwa

Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina a Nijeriya, ya shigo ta yankin Madarunfa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sa'annan ya koma Nijeriya ya haɗu da kogin Rima. Da damina kawai yake gudu, amma ƙarfinsa ya isa a ji tsoro, domin ambaliyarsa ce a 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi har aka koma kan tudu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, ruwan da ke isowa fadamunmu ya ragu. Wannan kaɗai darasi ne ga yaro: abin da aka yi wa ruwa a can sama yana taɓa mai lambu a nan ƙasa, ko da akwai iyaka tsakaninsu.

A tafkin da Gulbi ya bari, yara sukan ɗebi ruwa cikin kwalba su ɗaga ta a rana. Za su ga talibambam, da ƙananan kifaye, da tsutsar sauro tana mutsu-mutsu kusa da saman ruwa. Idan suka koma gida suka leƙa tsohuwar taya ko fasasshen tulu da ruwan sama ya kwanta a ciki, sai su tarar da tsutsar ta fi yawa, domin babu kifin da zai cinye ta. Ɗiyar da ta ga haka ba sai an yi mata faɗa ba kafin ta kifar da gwangwanayen bayan ɗaki, domin ta san inda zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da ƙannenta kowace damina yake farawa. Haka nan ake nuna musu ƙaramar katantanwar ruwa da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, su fahimci abin da ya sa ake hana su wanka a tafki.

Wa ke cin wa

Malamai sukan sa yara su riƙa rubuta tsuntsayen da suka gani cikin shekara. Shamuwa tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, abincinta kuwa fara da babe ne, wato maƙiyan gona. Balbela tana bin shanu tana tsintar ƙwarin da ƙafafunsu suka tayar. Akwai ma wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, wanda ke kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi sun yi shekaru suna kiwonsa suna raba wa manoma cikin ƴan jakunkuna a rataya kusa da gonaki. Yaron da ya san haka ya san cewa ba kowane ƙwaro ne abin kashewa ba, kuma maganin feshi idan aka zuba shi babu lissafi yana hallaka mai taimako tare da mai ɓarna. Ledar da ta cika bakin Gulbi ma tana cikin wannan lissafi, domin mahauta shaida ne kan yawan wadda suke cirowa daga tumbin jar akuyarmu da ake yabon fatarta har ƙasashen waje.

Abin da ƙasarmu ta riga ta koya

Wannan karatu ba baƙo ba ne a nan. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki da yawa sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta, a 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa kan kwararowar hamada a nan Maraɗi. Amma abin da ya fi yin tasiri shi ne sassaben zamani, wanda wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa tare da manoman wannan jiha a 1983. Manomi idan ya zo sassabe ba ya ƙone kututturen sabara ko kalgo ko aduwa; sai ya zaɓi toho mafi ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Waɗanda suka yi aikin nan sun manyanta. Idan jikokinsu ba su san bambancin sabara da kalgo ba, wa zai ci gaba da shi?

Matsayin addini

Mu da muka tashi a gaban allo mun san cewa Allah Ya sha umurtar bayinsa da su yi tunani cikin halittunsa, kuma akwai surorin da ke ɗauke da sunayen ƙudan zuma, da tururuwa, da gizo-gizo, da saniya, da giwa. Ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa ana rubuta ladan sadaka ga musulmin da ya dasa ko ya shuka abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci. Imamu Malik kuma ya kawo wasiyyar Sayyadina Abubakar ga rundunarsa, inda ya hana sare icce mai ƴaƴa ko da a fagen yaƙi. Ke nan yaron da ya durƙusa yana duba saiwar gawo yana kan hanyar da malamansa na zaure suka ɗora shi.

Nasiharmu ga iyaye

Ku ba da izini, ga maza da mata duka, domin mata su ne masu ɗibar ruwa da neman iccen girki, su ne farkon masu shan wahala idan daji ya ƙare. Ku nemi malamai su sanar da ku wurin da za a je da lokacin dawowa, a sami malama tare da ƴan mata, a kiyaye lokacin salla, kada kuma a bari yaro ya shiga ruwa. Idan sun dawo, ku tambaye su abin da suka gani. Ku haɗa su da kakanninsu su faɗa musu sunan kowane icce da Hausa, da amfaninsa, da itatuwan da suka sani a da waɗanda yanzu babu su, yara kuwa su rubuta. Wanda ke da gona ya ware wa ɗansa kututture biyu ko uku ya yi musu sassabe da hannunsa, ya riƙa auna tsawonsu kowace kaka.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka.