Wa Ke Biyan Dillalin Aiki?

Duk inda matasan da suka gama bautar ƙasa suka haɗu, a majalisa ne ko a shagon buga takardu, da wuya a tashi hira ba a taɓo kamfanonin nan masu cewa suna sama wa mutane aiki ba. Kukan kuma kusan ɗaya ne. Wani ya tura takardunsa wurare da dama, ko amsar "mun gani" bai samu ba. Wani an kira shi intabiyu, ya ci bashin kuɗin mota daga Zariya zuwa Abuja, aka ce za a neme shi, har yau shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Wani kuwa ya samu aikin, amma albashinsa sai ya biya ta hannun wasu sun gutsura kafin ya iso gare shi.

Kafin a yi musu kuɗin goro, akwai tambayar da ya kamata mai neman aiki ya fara yi wa kansa: shi wannan kamfani, wa ke biyan sa? Yawancin takaicin da ake sha, a cikin amsar nan yake.

A ƙa'ida, mai neman ma'aikaci shi ke biya. Banki ko masana'anta ko kamfanin sadarwa yana da gurbi, ba ya son wahalar tace takardun mutum dubu, sai ya ba dillali kwangila: kawo min mutum biyar in zaɓi ɗaya. Idan aka ɗauki wanda ya kawo, a ba shi la'adarsa. Ka ga ke nan ba kai da ka kai takardu ne abokin cinikinsa ba. Kamar dillalin kara ne a kasuwar Wudil, hankalinsa na kan mai kuɗin da ya zo saye, ba kan san da ke ɗaure a turke ba. Maganar ba daɗin ji, amma wanda ya gane ta zai daina ɗaukar shirun da aka yi masa a matsayin ƙiyayya. Ranar da aka cike gurbin, amfaninka a wurinsu ya ƙare sai wani ciniki ya taso, kuma ba wanda zai biya su ladan kiran mutum ɗari huɗu su ce musu a yi haƙuri.

Wannan ba wanke su ba ne. Ko a cikin masu lasisi akwai halayen da ba su da kyau. Akwai masu tallata gurbin da babu shi don kawai su tara takardun jama'a, gobe su nuna wa wani kamfani cewa suna da mutane jibge. Akwai ɓoye sunan wurin aiki da adadin albashi har sai ka sha intabiyu biyu ko uku, sannan a faɗa maka kuɗin da ko na mota ba zai ishe ka ba. Sau da yawa wanda aka sa ya tantance injiniya ko akanta bai san komai a fannin ba, kalmomi kawai yake nema a takarda, in bai gan su ba ya wuce. Ga kuma sharaɗin shekaru: ba a son wanda ya haura 26 ko 27. A ƙasar da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata takwas a 2022 kaɗai, ɗan talakan da ya yi jami'ar gwamnati sau da yawa ya tsufa a idonsu tun kafin ya cire kakin bautar ƙasa.

Waɗancan aƙalla sana'a suke yi. Matsalar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ita ce ta ofisoshin da mai neman aikin ne abincinsu.

Wanda ya taɓa shiga ɗaya ya san fasalinsu. Ɗaki ne a saman bene, benci biyu, fanka, da allo da aka lilliƙa wa takardu: ana neman direba, ana neman sakatariya, ana neman mai kula da shago. Wata yarinya a bakin tebur da littafin rasit.

"Yallaɓai, na ga sanarwa ne cewa ana neman akawu."

"Ƙwarai kuwa, ƙanena, ka zo a kan gaɓa, gurbi biyu ya rage. Ka fara yankar fom wajen Hajiya, dubu biyar ne. Sai kuɗin horo, shi kuma in an kira ka."

Bayan fom sai kuɗin gwajin lafiya, a asibitin da su suka zaɓa. Bayan shi kuɗin yunifom ko katin shaida. Kowane kaɗan ne, daidai abin da mutum zai iya rantowa, kuma daidai abin da zai ji nauyin kai ƙara a kansa. Nan dabarar take. Ba wanda zai tafi caji ofis saboda dubu biyar, amma dubu biyar sau mutum ɗari uku kuɗi ne. In an matsa musu, sai su tura ka wani wuri da ba a san da zuwanka ba, ko ka tarar da zauren da ake koya wa mutane tallan maganin ƙarin kuzari. Wasu kuma da gaske za su sama maka aikin gadi ko na shago, da sharaɗin rabin albashin watan farko nasu ne, wani lokaci ma dukkansa.

A takarda, doka na bayan mai neman aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana kowa sana'ar ɗaukar wa wasu ma'aikata sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma tana da yarjejeniya mai lamba 181, ta shekarar 1997, wadda ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin dillancin aiki ba zai karɓi kuɗi daga ma'aikaci ba, kai tsaye ko ta bayan gida, sai in hukuma ce ta keɓe wani yanayi na musamman. Najeriya ta amince da ita a watan Maris na 2023. Kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu wannan sana'a, HuCaPAN, su ma suna da kundin ƙa'idojin aiki da suka ɗora wa kansu. Sai dai tsakanin abin da ke rubuce a Abuja da abin da ke faruwa a saman benen nan akwai tafiya mai nisa.

Kuma gaskiya ɗaya ce, gwamnati ba ta da bakin yi wa kowa faɗa a wannan fage. Ranar Asabar 15 ga Maris, 2014, aka yi jarrabawar ɗaukar ma'aikatan Hukumar Shige da Fice. Ma'aikatar Cikin Gida ta ba wani kamfani mai zaman kansa aikin karɓar takardu, kowane mai nema ya biya naira 1,000. Sama da mutum 600,000 suka biya, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Aka tara su rana ɗaya a filayen wasa a faɗin ƙasar, cikin fararen riguna da gajerun wanduna, tun asuba. A babban filin wasa na Abuja, da Fatakwal, da Minna, da Benin, turmutsutsu ya ɓarke a bakin ƙofofi, aƙalla mutum 16 suka rasu. Shugaba Goodluck Jonathan ya soke jarrabawar, ya yi wa iyalan mamatan alƙawarin aiki. A 2016 hukumar EFCC ta kai maganar kotu a kan kuɗi naira miliyan 676. A lura da lissafin: tun kafin a ɗauki mutum ɗaya, an riga an tara kuɗin. Duk inda fom ya zama haja, yawan masu nema shi ne riba, ba yawan waɗanda aka ɗauka ba. Ƙananan ofisoshin unguwa ba su ƙirƙiri komai ba, abin da suka ga manya na yi suke kwaikwaya.

Akwai kuma waɗanda suka samu aikin, amma tsugune ba ta ƙare ba. Shiga banki ka dubi masu karɓar kuɗi a kanta, da 'yan matan da ke yawo rana tsaka suna neman masu buɗe asusu, da direbobi, da mai gadin da ya buɗe maka ƙofa. Da yawansu ba ma'aikatan bankin ba ne, na wani kamfani ne da ya ba da hayarsu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a ƙarshen 2020 sama da kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan bankunan ƙasar nan 'yan kwantiragi ne. Tebur ɗaya suke zama da ma'aikacin dindindin, aiki ɗaya, lokacin tashi ɗaya, amma albashi ya sha bamban, ƙarin girma kuwa sai dai su ji a salansa. Bankin na biyan kamfanin dunƙulallen kuɗi a kan kowane mutum, kamfanin ya cire nasa, ya miƙa saura. Nawa aka biya, nawa aka cire? Ma'aikaci ba ya gani. In ya yi ƙorafi a banki a ce masa ba mu muka ɗauke ka ba. In ya je kamfanin a ce abin da banki ya bayar ke nan. Ranar da aka gaji da shi ba a ma kiran abin kora, cewa ake an mayar da shi ga kamfaninsa.

Mafi munin lamarin shi ne na ƙetare, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, don a Kano da kewaye ba a rasa gidan da aka san wata da ejan ya yi wa hanyar aikatau a Saudiyya ko wata ƙasar Larabawa. A can tsarin kafala ke aiki: zamanka a ƙasar ɗaure yake da sunan kafilinka. Yarinya za ta sauka a karɓe fasfonta, ta tarar albashin ba shi aka faɗa mata ba, ko a ce watannin farko na biyan kuɗin biza da jirgi ne. In ta gudu daga gidan, ita ce mai laifi a idon hukuma. Saudiyya ta sassauta tsarin a Maris na 2021, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida ba. A Afrilun 2020 an ga hoton fasfon wata 'yar Najeriya a Facebook, wani mutum a Lebanon ya sa ta a kasuwa kan dala 1,000, sai da hukumomin can suka kama shi. Ejan ɗin da ya tura yarinya kuwa ya riga ya karɓi rabonsa, wani lokaci daga ɓangarorin biyu, kuma sau da yawa ba baƙo ba ne, ɗan unguwa ne ko wata Hajiya da ake ganin girmanta, shi ya sa iyaye ke jin nauyin zuwa ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Ina jin haushin masu saurin cewa kwaɗayi ne ya ja wa waɗanda aka cuta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Hukumar ƙididdiga ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, ya zama ko awa ɗaya ka yi aiki a mako kana cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo ƙasa da kashi 5. Layin masu neman aiki dai bai ragu da mutum ɗaya ba saboda an sauya lissafi. Wanda ya shekara uku a gida, ƙannensa na kallon sa, mahaifiyarsa ta sayar da akuya ta ba shi kuɗin fom, ba wawa ba ne. Ya san akwai haɗari, bai ga wata ƙofar ba ne.

Duk da haka akwai abin da ke hannun mai nema. Takardar rajistar CAC da suke ratayewa a bango ba ita ce lasisi ba, shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kamfani rajista, mai sayar da siminti ma yana da ita. Abin tambaya shi ne lasisin ɗaukar ma'aikata na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma ma'aikatar na da ofis a jihohi inda za a iya zuwa a bincika. Kada mutum ya saki takardunsa na asali, kwafi ya isa. Ya tambayi sunan wurin da za a tura shi da adadin albashi tun kafin ya hau mota. Idan ta hannun kamfani aka ɗauke shi, ya san doka ta wajabta a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, kuma albashi mafi ƙanƙanta tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. In ana cire masa kashi 8 na fansho, ya duba asusunsa ya ga ko yana shiga tare da kashi 10 na wanda ya ɗauke shi, don an sha cirewa ba a zuba ba.

Wanda aka riga aka cuta, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa, kuma tsarin mulki ya ba ta ikon yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Sai dai kotu hujja take nema, ba rantsuwa ba. Don haka duk kuɗin da mutum ya ga ba makawa sai ya biya, ya tura ta banki zuwa asusun kamfanin, ba na wani mutum ba, ya adana rasit da saƙonnin da aka yi ta turo masa. Kuma in waɗanda aka yi wa abu iri ɗaya suka haɗa kai su ashirin suka shigar da ƙorafi tare, an fi saurin sauraren su fiye da mutum ɗaya da ya zo da kukan dubu biyar.