Ɗan Gudun Hijira Mai Tsoron Fallasa: Yadda Zai Samu Magani

Zaman sansani da wuya ga kowa, amma ya fi tsanani ga masu neman jinsi ɗaya, 'yan daudu da mata-maza. A sansanin Kakuma da ke arewacin Kenya, an cinna wa matsuguninsu wuta a watan Maris na 2021, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙone ya rasu. Rahoton ƙungiyar Amnesty na 2023 ya bayyana duka da fyaɗe da ake musu a can.

A jihar Kano, yawancin waɗanda rikicin Boko Haram ya kora cikin gari suke zaune, amma tsoron iri ɗaya ne. Dokar Najeriya ta 2014 da dokar shari'a sun haramta alaƙar jinsi ɗaya, shi ya sa mutum kan ɓoye ciwonsa har ya yi tsanani. Idan kana Gaya ko Ajingi, kai ko wani naka yana cikin wannan hali, ga abin da ya kamata ka sani.

Bayan fyaɗe: Je asibiti cikin awa 72, mace ko namiji. Akwai maganin rigakafin ƙanjamau da ake sha kwana 28, kuma ba ya aiki idan an makara. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har awa 120. Fara da Babban Asibitin Gaya, ko cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, Kano.

Mai shan maganin ƙanjamau: Kada ka tsallake ko da kwana ɗaya. Yankewa kan sa ƙwayar cutar ta bijire wa magani. Riƙe katinka ko kwalbar maganin, za a ci gaba da ba ka kyauta a asibitin gwamnati.

Mata-maza: Halitta ce, ba laifin kowa ba. Wasunsu na shan hydrocortisone kullum, kuma daina shi kwatsam na iya kisa. Amai, kasala ko suma alamun gaggawa ne.

Sirrinka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin majinyaci, ta kuma hana a ƙi duba mutum a halin gaggawa. Faɗa wa likita abin da ya same ka da inda ke ciwo. Wannan ya isa a fara magani.