Zaɓi Mai Bin Zaɓi: Yadda Fom ɗin Kwamfuta Yake Tace Amsa

Duk ɗalibin da ya taɓa cike fom ta intanet, na jarrabawa ne ko na neman gurbin karatu, ya ga wani ɗan akwati wanda in an taɓa shi sai jerin sunaye ya sauko, mutum ya zaɓi guda. Sau da yawa akwatunan biyu ne a jere, na farko na jiha, na biyu na ƙaramar hukuma. Na biyun yakan zauna wayam har sai an zaɓi jiha. Idan aka zaɓi Kano sai ya kawo sunaye 44, idan Katsina ce 34, idan kuwa Bayelsa ce 8 kacal. Irin wannan shi ake kira akwatin zaɓi mai dogaro, domin abin da ke cikinsa ya rataya ne a kan amsar da aka bayar a wanda ya gabace shi.

Amfaninsa ya fi fitowa fili a shafin ma'aikata, wato ɓangaren manhaja da magatakarda ko malamin rajista yake shigar da bayanan ɗaruruwan mutane. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Da za a jera su duka a akwati guda, da laluben suna ɗaya ya ci lokaci, kuma gajiya na iya sa a rubuta wa yaro jihar Jigawa, ƙaramar hukumar Daura, alhali Daura tana Katsina ne. Kuskure irin wannan ƙarami ne a ido, amma yakan bi mutum daga takarda zuwa takarda, har ya jawo masa tsaiko ranar da ake tantance takardun shaida.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masana ilmin halittu sun daɗe suna aiki da ita tun bayan da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya fitar da tsarinsa na rarraba halittu a shekarar 1735, inda kowane rukuni yake zaune a cikin wanda ya fi shi faɗi. Wanda ya zaɓi rukunin Panthera zai tarar da zaki da damisa a ƙarƙashinsa, amma ba zai ga kyanwar gida ba, don ita tana rukunin Felis ne. Kowane zaɓi yana rage abin da ya saura a zaɓa.

To, ta yaya kwamfuta take yin haka? A rumbun bayanai ana ajiye jadawali biyu. Na farko yana ɗauke da jihohi, kowace da lambarta. Na biyu yana ɗauke da ƙananan hukumomi, kowace da tata lambar, da kuma lambar jihar da take ciki. Lamba ake bi, ba suna ba, domin suna yakan maimaitu: akwai Bassa a Filato, akwai kuma Bassa a Kogi, haka nan akwai Obi a Binuwai da wata a Nasarawa. Da zarar an zaɓi jiha, sai wani ɗan umarni da aka rubuta da harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995, ya aika lambar jihar zuwa babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun. Ita kuma sai ta tsamo sunayen da ke ɗauke da wannan lamba ta aiko, a zuba su a akwati na biyu. A da, sai an sake ɗauko shafin gaba ɗaya kafin sabon jerin ya bayyana. Hanyar aika saƙo ta bayan fage ba tare da shafin ya motsa ba ta bazu ne daga 2005, shekarar da Jesse James Garrett ya raɗa mata suna Ajax.

Akwai wurare uku da mai tsara fom yakan yi tuntuɓe. Na farko, idan aka sauya jiha dole ne a share tsohuwar amsar akwati na biyu, in ba haka ba za a haɗa kan wani da gangar jikin wani. Na biyu, idan aka buɗe tsohon bayani don gyara, wajibi ne akwatin ya fito da amsar da aka ajiye tun farko. Na uku, kuma mafi muhimmanci, babbar kwamfutar ta sake bincika cewa amsoshin biyu sun dace kafin ta ajiye su, domin saƙo yana iya yankewa a hanya, kuma mai mugun nufi yana iya sauya abin da aka aiko.

Har ila yau, jadawalin kansa yana bukatar kulawa. Kafin 1991 Haɗeja da Gumel da Kazaure suna cikin jihar Kano ne, sai da aka ƙirƙiri Jigawa suka koma can. Fom ba ya sanin tarihi, abin da aka zuba masa shi yake nunawa. Saboda haka ɗalibi ko malamin da ya ga jerin ya sauko ya dubi amsoshinsa biyu da kyau kafin ya danna aikawa, in kuwa bai ga ƙaramar hukumarsa ba, ya sanar da masu kula da shafin maimakon ya zaɓi ta kusa da ita.