Ziyarar Kwana Huɗu a Minna da Kewayenta

Sau da yawa mutanenmu sukan ɗauki hutu daga wurin aiki su ƙare shi a zaune a ƙofar gida, alhali ga garuruwan tarihi kusa da su waɗanda 'ya'yansu ba su san su ba sai a littafin makaranta. Ɗaya daga cikin wuraren da suka cancanci magidanci ya kai iyalinsa ita ce Minna, hedkwatar Jihar Neja, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa ran 3 ga watan Fabrairu, 1976. Amma fa jihar nan ta fi kowace jiha a Nijeriya faɗin ƙasa, don ta haura murabba'in kilomita 76,000, kuma akwai sassanta da ba a shiga sai da bincike. Wanda ya tashi ba shiri, zai ƙarar da kuɗinsa da kwanakinsa a bisa hanya, watakila ma ya jefa iyalinsa cikin hatsari. Saboda haka muka tsara wa mai karatu yadda zai raba kwana 4 ya ga abin da ya fi muhimmanci, ya koma gida lafiya.

Lokaci, hanya da masauki

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Damina a wannan yanki takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma a Agusta da Satumba ruwa ya fi ƙarfi, hanyoyi su fi lalacewa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ya fi dacewa, domin sama ta ɗauke, koguna ba su janye ba tukuna, zafin bazara kuma bai sauka ba.

Mai zuwa daga Kano ko Katsina ko Zariya ya biyo hanyar Kaduna zuwa Abuja har mararrabar Dikko, sa'an nan ya karya ta Lambata da Paiko ya shiga Minna ta Chanchaga. Akwai hanyoyin da suka fi wannan gajarta a kan taswira, kamar ta Birnin Gwari da Tegina, amma sun sha fama da 'yan bindiga, don haka kada a bi su sai direbobin tasha sun tabbatar da halin da ake ciki a ranar. A sammaka, a isa da rana tsaka, gama dare rigar mugu ne.

Game da masauki, ɓangaren Barkin Sale yana da fa'ida ga baƙo. Unguwar tana kusa da Kpakungu, inda hanyar Bida ta tashi, kuma hanyar da ta kewaye gari tana fitar da mutum zuwa wajen Chanchaga ba tare da ya kutsa cunkoson tsakiyar gari ba. Wanda ya sauka a nan, zai riƙa fita da safe ya dawo da yamma, ba sai ya yi ta kwashe kaya daga wannan masauki zuwa wancan ba.

Rana ta farko: cikin Minna

A fara da tashar jirgin ƙasa, domin dogo ne ya raya garin. Asalin Minna mazaunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, a bisa duwatsu. Da Turawa suka shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara, wanda ya isa Kano a 1911, kana aka haɗe shi a Minna da wanda ya taso daga Ikko, sai 'yan kasuwa da leburori daga ko'ina suka taru a gindin duwatsun, gari ya kafu. Shi ya sa yau za ka iske Bagwari da Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Ibo a layi ɗaya, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki.

Daga nan a wuce ta ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, sa'an nan a shiga Kasuwar Kure. Doya ita ce abin alfaharin manoman wannan ƙasa, amma a bar sayenta sai ranar komawa, don kada ta tare mota. Yana da kyau a gaya wa yara cewa garin nan ya ba Nijeriya shugabanni biyu: Janar Ibrahim Babangida, daga 1985 zuwa 1993, da Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya miƙa mulki ga farar hula a 1999. A yi amfani da yammacin wannan rana a je tasha a shirya motar gobe, a kuma yi tambaya kan hanyoyi.

Rana ta biyu: Bida

Tsakanin Minna da Bida kilomita 80 ne da 'yan kai. A tashi bayan sallar asuba ta Kpakungu, a wuce Gidan Kwano, inda mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya yake, wadda aka kafa a 1983, a bi ta Kataeregi. Manyan motoci sun yi yawa a wannan hanya, don haka kada a auna tafiyar da yawan kilomita kawai.

Bida ita ce cibiyar Nufawa kuma mazaunin Etsu Nupe, Alhaji Yahaya Abubakar, wanda ya hau gadon sarauta a 2003. Sarautar tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku: na Usman Zaki, da na Masaba, da na Umaru Majigi. A watan Janairu na 1897 dakarun kamfanin Royal Niger suka ci garin da yaƙi, shekara 6 kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato.

Abin da bai kamata baƙo ya rasa ba shi ne unguwar Masaga, inda ake narka gilashi a yi tsakiya da awarwaro, da kuma maƙeran farfaru masu ƙera tasoshi da butoci da faranti na tagulla, suna zana su da hannu. Waɗannan sana'o'i gado ne, kuma kayan kanti masu araha sun rage musu kasuwa. Wanda ya tsaya kallo, ya kamata ya sayi ko da ƙaramin abu, kuma ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Idan da sauran lokaci a leƙa Badeggi, inda Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take, a ga fadamun shinkafa. Lalle a kamo hanyar Minna da an yi la'asar.

Rana ta uku: Zungeru

Wannan ita ce ranar da ta fi bukatar shawara. Zungeru tana wajen kilomita 60 daga Minna, ta Bosso da Maikunkele da Beji, a bakin kogin Kaduna. Nan ne Gwamna Lugga ya mai da hedkwatar Arewa a 1902, kuma daga nan aka mulki ƙasar har aka ƙaura zuwa Kaduna a 1917. Akwai kufan gine-ginen Turawa da maƙabartarsu. Ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga kuwa an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1954, don haka kada a ɓata lokaci wajen nemanta a nan. A wannan gari aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904, da Odumegwu Ojukwu a 1933. Yanzu kuma ga madatsar ruwa mai ƙarfin megawat 700 da aka kammala a 2023, ƙari a kan ta Kainji da ta Jebba da ta Shiroro.

Gaba da Zungeru akwai Tegina da Kagara, garin da aka haifi Alhaji Abubakar Imam a 1911, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Duk mai karatun Hausa zai so ya ga wannan gari. Amma a Kagara ne 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati a watan Fabrairu na 2021, a watan Mayu na shekarar kuma aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina. Ƙauyukan Shiroro su ma sun ɗanɗana wannan masifa. Saboda haka shawararmu ita ce a tsaya a Zungeru, a juyo kafin azahar. Idan labarin da aka samu a tasha bai kwantar da hankali ba, a fasa, a ƙara ranar a kan Minna ko Bida. Kufai ba ya gudu. Yana nan wata shekara.

Rana ta huɗu: Gurara, Suleja da Zuma

A ɗaure kaya a sallami masauki, domin wannan rana a kan hanyar gida take. A tsaya Paiko a sayi doya, sa'an nan a ratse zuwa inda kogin Gurara ke zubowa daga kan duwatsu, tsayin kamar mita 30. Da damina ruwan yakan cika faɗin dutsen, ƙararsa ta hana mutum jin maganar na kusa da shi. Da rani yakan rabu gida-gida. Duwatsun suna da santsi ƙwarai. A riƙe hannun yara, kuma kada a yarda matasa su shiga ruwa don nuna bajinta.

Daga nan sai Suleja, wadda a da ita ce Abuja. Da masu jihadi suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin a 1828. Bayan da aka zaɓi sabon babban birnin tarayya a 1976, aka ba shi sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan Baturen nan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta yi suna har Ingila da Amurka. Ta rasu a Minna a 1984, hotonta kuwa yana bayan takardar Naira 20. A fito da ita a nuna wa yara, tare da ta Naira 100, domin dutsen Zuma da ke jikinta ga shi nan tsaye a Madalla, mintoci kaɗan daga Suleja. Wanda gidansa ke da nisa, gara ya kwana a Suleja ya kama hanyar Kaduna da safe.

Guzuri

A raba kuɗi kashi huɗu: na mota, na masauki, na abinci da tsaraba, da kuma na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don a ƙauye ba kullum na'urar cirar kuɗi ke aiki ba. A duba taya da birki kafin a tashi, a ɗauki katin shaida, da ruwan sha, da gidan sauro. Idan an iske tankar mai ta faɗi, a yi nesa da ita; a watan Janairu na 2025 mutane da yawa suka ƙone a mararrabar Dikko wajen kwasar man da ya zube. A ƙarshe, a sanar da wani na gida inda za a nufa kowace safiya, a kuma kira shi da an sauka.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya kuma maido da zaman lafiya a Kagara da Shiroro da sauran ƙasarmu, amin.